Mai Cike Rami

Shekara talatin da huɗu ina buɗe ƙasa.
Daga Dange zuwa Shuni,
rijiyar da ka sha ruwanta ka yi hamdala,
tambaya, wataƙila dagin Nomau ne ya fara ta.
Yau ga ni da furfura
an ɗauke ni aikin rufewa.

Bara bayan girbi suka zo
da mota mai dogon wuya kamar zalɓe.
Ta kafa baki a makiyayar gari,
filin da ba na kowa ba, don na kowa ne.
Kwana arba'in tana ruri.
Ta zaro hanjin ƙasa kamu-kamu,
suka jera a akwatuna, suka sa lamba,
wai za a duba ko akwai dutsen taki.
Ba su ce akwai ba, ba su ce babu ba.
Suka naɗe tantinsu.

Ramuka goma sha bakwai suka bar mana,
kowanne faɗin bakin tulu,
da kududdufin laka mai warin baƙin mai,
da sawun taya da ya taurare ya zama daɓe.
Karsanar Jabbi ta zura ƙafa a na tara.
Ranar Laraba muka raba namanta.
Ba wanda ya ce ya yi daɗi.

Takarda uku hakimi ya aika Sakkwato
kafin a turo Injiniya Kulu,
sa'ar ƙaramar ɗiyata,
hular kwano bisa kallabi.
Ta ce, "Baba, ba murfi za mu sa ba,
daga gindi za a cike."
Na yi dariya.
Ni za a gaya wa halin rami?
Ba a toshe masa baki,
ciyar da shi ake har ya ƙoshi.

Yumɓu muka ɗura, guga bayan guga,
siminti a maƙogwaro,
sannan muka nemi baƙar ƙasar sama
wadda suka ture gefe.
Iska ta riga mu, ta kwashe rabinta.
Jakuna shida suka biya bashin iska
da mangalar taki daga turken Jabbi.

A tulin rami na sha biyu
jikana Labbo ya tsinci haƙorin kifi,
baƙi, mai kaifi, ya zama dutse.
Kulu ta ce teku ta taɓa kwana a nan
tun ba a san Dange ba.
Na juya shi a tafin hannu, na ce a raina:
baƙo mai girma haka ya tashi,
haƙori ɗaya kawai ya manta.

Muka fasa daɓen da magirbi,
muka tona rabin wata, rabin wata,
don ruwa ya samu wurin zama.
Muka watsa irin gamba,
muka dasa bagaruwa,
muka kewaye ta da ƙaya saboda awaki,
waɗanda ba su san dokar gwamnati ba.

Da ruwan farko ya sauka
na fita tun asuba ba takalmi.
Kyasuwa ta leƙo a wuri goma sha huɗu,
siririya kamar gashin jariri.
Uku sun ƙi.
Inda mai ya zuba har yau sanƙo ne,
ko tururuwa ratse shi take.

Shanun Jabbi kuwa,
in sun iso na tara sai su rabe biyu,
ga ciyawa kore shar a kai,
su dai ba su yarda ba.

Jiya aka kawo takardar kammala aiki
da tawada, in dangwala.
Na ce wa Kulu,
sha huɗu zan dangwala wa.
Sauran ukun a bar mini jakunan
zuwa wata damina.